Allon Linux ya ƙi cika: a fara duba waya

(Lacca ga ɗaliban gyaran kwamfuta a Birnin Kebbi)

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. Abu uku zan taɓo yau, in wuta ta bar mu.

Na farko, waya. Mutum ya sa Ubuntu ko Linux Mint a kwamfutar tebur, ya kunna, sai ya ga komai ya kumbura, rubutu ɓaro-ɓaro, ya shiga saiti babu abin zaɓa sai 1024x768 da 800x600. Nan take sai ya ce Linux ba ta da kyau. Haba malam! Leƙa bayan kwamfutar tukuna.

Kowace monita tana ɗauke da ɗan bayanin kanta, ana ce masa EDID. Kamar baƙo ne ya yi sallama ya faɗi sunansa da garinsu: ni wance ce, ina iya 1920x1080, sau 60 a daƙiƙa. In kwamfuta ba ta ji sallamar ba, sai ta zaɓi ƙaramin hoton da ta san kowace monita za ta ɗauka. Shi ke nan fa.

Ku dubi wagga waya mai shuɗin kai, VGA. Ku miƙa ta zagaya, amma ta dawo, na san ku. IBM ta fito da ita a 1987, ta girmi kusan duk wanda ke ɗakin nan. Fil 15 ne a bakinta. Launuka suna bi ta fil na 1, 2 da 3, shi kuwa bayanin monita ta na 12 da na 15. Kun ga inda gizo ke saƙar? Fil na 12 zai lanƙwashe, ko ƙurar hunturu ta toshe raminsa, hoto kuma ya fito lafiya lau, kai ka rantse waya ƙalau take. Ba ƙalau take ba! Wata mai arhar ma tun daga kamfani ba a haɗa waɗannan fil ɗin ba. Haka ƙananan na'urorin da ke juya HDMI zuwa VGA, wasu suna haɗiye bayanin. Canza waya. Na sake faɗi, canza waya kafin ka goge komai.

Na biyu direba, ba na mota ba, manhajar da ke sa katin hoto ya yi aiki. Mai katin hoto na kamfanin Nvidia ya shiga Additional Drivers a Ubuntu ya sa wanda aka ba shi shawara. Wanda ya bar nomodeset, umarnin da ke hana direban hoto aiki yadda ya kamata, a GRUB, wato manhajar da ke tayar da Linux, ya cire.

Na huɗu... au, na uku ko? To, xrandr, umarnin da ake saita girman hoton allo da shi. Buɗe tamina, wurin rubuta umarni, da Ctrl+Alt+T, rubuta xrandr, ka ga sunan mahaɗarka, misali VGA-1. Sai cvt 1920 1080 60, ya ba ka dogon layi mai farawa da Modeline. Kwafe shi, ka ba xrandr --newmode, sannan --addmode. Ka ajiye waɗannan umarni biyu a fayil ɗin .xprofile, in ba haka ba kana kashe kwamfuta sun tafi.

Na'am, 'yar'uwa? Kin yi duk wannan bai canza ba? Ubuntu wace shekara? 22.04. To ba laifinki ba ne, kina kan Wayland, sabon tsarin nuna hoto, shi kuwa xrandr na tsohon tsarin ne, X11, wanda ake ce wa Xorg. Ki fita zuwa inda ake sa kalmar sirri, ki danna sunanki, a ƙasa ta dama akwai 'yar alama mai kamar giyar inji, ki danna ta, ki zaɓi Ubuntu on Xorg. Kin zo da kwamfutar? Kawo ta nan gaba mu gwada kowa ya gani. Wa ke riƙe da wayata?