Yaron da Ba Ya Ganin Allo

Binta: Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau hirar idon 'yan makaranta za mu yi. Malam Aminu, kai da ka daɗe kana riƙe da alli, me ka fi gani?

Aminu: Wallahi Malama, akwai wani yaro da har gobe yana raina. Kullum sai ya ƙanƙance ido, ya leƙa littafin na kusa da shi ya kwafa. Muka ɗauka wasa ne ya yi masa yawa. Ashe allon ne ba ya gani. Bai taɓa kawo kuka ba, don a zatonsa kowa ma dishi-dishi yake gani.

Binta: Allah sarki!

Aminu: Gwajin kuwa ba wuya. A manna takardar harafin E a bango, yaro ya tsaya nesa da mita 6, ya rufe ido ɗaya, ya nuna da yatsu inda ƙafafun harafin suka fuskanta. Malamin da aka horar zai iya. Wanda ya kasa, a tura shi asibitin ido.

Binta: Ni abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne amosanin ido. Ƙuda ya sauka a kwantsar wannan yaro, ya tashi ya sauka a idon wancan, ko a goge musu fuska da tsumma ɗaya. In ciwon ya yi ta dawowa, sai fatar ido ta yi tabo ta ciki, gashin ido ya juya yana gogar baƙin ido, har mutum ya makance bayan shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa tiyata da maganin azithromycin da wanke fuska da tsaftar muhalli. Ghana ta shawo kansa a 2018, Gambiya a 2021.

Aminu: Ke nan makaranta mai ruwa da ban-ɗaki ta riga ta fara aikin. Ga kuma dundumi, alamar ƙarancin bitamin A, wanda ƙyanda ke ƙara tsanantawa.

Binta: To, yaron naka fa?

Aminu: Tabarau kawai ya samu. Amma makon farko a jaka yake ɓoye shi, saboda tsokanar 'yan aji. Sai da na zaunar da su, kowa ya zo ya yi gwajin E ɗin a gaban kowa. Ranar muka gano wasu biyu.