Furannin attaruguna sun zube a Aboabo

Assalamu alaikum jama'a. Ku matso ku ga murfin bokitin nan. Kun ga waɗannan fararen abubuwa da suka warwatsu kamar an zubar da shinkafa? Furannin attaruguna ne. Da asuba na dawo daga masallaci na kunna fitila, na tsuguna na ƙirga, ashirin da bakwai a dare ɗaya. Wallahi ko koko ban iya sha ba yau.

Ga wanda bai saba kallona ba, ina Aboabo ne a Kumasi, ɗaki ɗaya da ɗan lungu nake haya, babu ko taku ɗaya na ƙasa da zan ce nawa ne. Shi ya sa na koma noman ruwa. Bokiti shida, kowanne sidi 35 a kuɗin Gana, saiwa a cikin ruwan taki, ɗan famfon iska irin na akwatin kifi yana hura mata, fitilar shuka a sama wadda ta ci min sidi 400. Huɗu kpakpo shito ne, ɗan koren attarugun nan na Gana mai ƙamshi, biyu kuma irin gida ne da Inna ta ƙulle min a leda daga Kura. Wata uku ina lallaɓa su. Ku dubi ganyen, kore shar, faɗinsa ya kusa tafin hannuna. Hajiya mai gidanmu har baƙi take kawowa su gani.

To ashe ganyen nan da nake alfahari da shi yana cikin matsalar. Na kira Baba a waya na juya masa kyamara. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai, wannan ai ta ƙoshi ne. Shukar da ta sha taki da yawa ganye take yi, ba ta damu da 'ya'ya ba." Baba bai taɓa ganin noman bokiti ba, amma shekara arba'in yana noman rani a Kadawa. Gaskiyarsa ne. Takin da nake zubawa mai naitirojin da yawa ne, irin na salak da alayyafo, kuma ban canza ba da fure ya fara fitowa. A lokacin fure shuka ta fi bukatar fotashiyam da fosfaras, naitirojin kuma a sassauta shi.

Sai kuma ya tambaye ni, "Wa ke girgiza su?" Na yi shiru. A gonarmu babu wanda ya taɓa yin wannan tambaya, domin iskar hunturu tana kaɗa su tun safe, ƙudan zuma na shiga suna fita. Furen barkono namiji da mace duk a cikinsa suke, ba ya neman wani fure. Abin da yake bukata kawai a motsa shi, garin nan mai kama da hoda ya zubo kan ɗan tsinken da ke tsakiya. Ni kuwa na rufe taga ruf saboda sauro, na sa labule. Ba iska, ba ƙwaro. Furen ya buɗe, ya jira kwana biyu ko uku, wuyansa ya yi rawaya, ya faɗi. Ku duba wannan da ke hannuna, kun ga wuyan? Da yatsa kaɗai na taɓa shi ya rabu.

Bari in nuna muku abin da na fara tun jiya. Burushin haƙori mai batir ne, na samo a kasuwar Kejetia, sidi 60, yaron ya fara da 90. Ba cikin furen ake cusa shi ba, don Allah kada ku yi haka, na lalata guda uku kafin in gane. Bayan furen ake ɗora shi, a kan wuyan, daƙiƙa biyu. Na sa baƙar takarda a ƙasa don ku gani. Kun ga farin garin da ya sauka? Da hantsi nake yi, lokacin da raɓar ɗaki ta bushe. Wanda ba shi da burushi ya ɗan ƙwanƙwasa reshen da yatsa, ko ya bi furannin da audugar kunne.

Kejetia kuwa, duk girman kasuwar nan, duk tulin barkonon da matan Asante ke kasawa, har yau ban sami tattasai mai nama irin namu ba. Shito ɗinsu kam, wato soyayyen yajinsu, ba magana, a zuba shi a kan waakye (shinkafa da wakensu) da ƙwai, sai ka manta da damuwarka. Kuma kun san waakye ɗin nan wake ne namu na Hausa, sunan ne ya ɗan karkace a bakin mutanen nan. Amma miyar Inna da jajjagen attarugun Kura, ita nake nema a cikin bokitan nan, ba wani abu ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne zafi. Na rataye ma'aunin zafi kusa da fitila, da rana ya kai digiri 34, da dare bai sauka ƙasa da 27 ba, ga rufin kwano. Barkono idan rana ta wuce digiri 32, ko dare ya ƙi sauka ƙasa da 24, garin furen lalacewa yake yi, ko ka girgiza shi sau ɗari. Yanzu na gane dalilin da ya sa noman rani a gida yake albarka a cikin sanyin Disamba da Janairu. Nan kuwa ga zafi ga laima, kayan wanki ma kwana biyu suke yi ba su bushe ba, garin furen sai ya dunƙule ya ƙi zubowa. Ga dumsor, yadda ake kiran ɗauke-ɗauken wuta a nan, a ɗauke wuta awa biyar, famfo ya tsaya, saiwa ta rasa iska a cikin ruwa mai ɗumi. Ina gargaɗinku, ku bar tazarar yatsu huɗu tsakanin murfi da ruwa, saiwar sama ta riƙa shaƙar iska ko babu wuta.

Yanzu na buɗe taga na sa raga, na sayi ƙaramar fanka mai caji, na mayar da kunna fitila zuwa dare da asuba, awa 14, don zafinta kada ya haɗu da na rana. Na auna ruwan, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya haura 7, na dawo da shi 6. Kpakpo shito da attarugu dama sukan fitar da fure biyu zuwa huɗu a gaɓa ɗaya, ba duka ke tsayawa ba, don haka idan kaɗan suka zube ba abin tashin hankali ba ne.

Ku matso nan, wannan reshen da ke kusa da ƙofa, inda rigata ke gogarsa duk lokacin da na wuce. Farar rigar furen ta bushe ta faɗi, amma wuyan yana nan kore, ya yi kauri. Ga ɗan attarugu a ciki, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Bari in ɗauki hotonsa in tura wa Baba kafin wuta ta tafi.