An ambaci binciken likita sau dubu: me wannan lamba ke nufi?

Masu kallo, assalamu alaikum. Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami a birnin Katsina ya san ba a kawo magana a tsirara. Malam zai ce wane ya faɗa, daga wane, a littafi kaza. Garin Ɗan Marina da Ɗan Masani ba baƙon isnadi ba ne. To, su ma likitoci masu bincike haka suke yi. Idan ɗaya ya rubuta maƙala, a ƙarshenta yakan jera maƙalolin da ya kafa hujja da su. Kowace shiga cikin wannan jeri ita ake kira ambato, kuma ana ƙirga ta kamar yadda ɗan kasuwa ke ƙirga ciniki.

Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya mayar da ƙirgen ya zama tsari, da kundin da ya fitar a 1964. Yau kuwa ko da wayar hannu kana iya buɗe Google Scholar, shafin intanet na neman maƙalolin bincike, ka rubuta sunan likita, idan yana da shafi a can lambobinsa su fito. A ciki za ka ga wata da ake kira ma'aunin h, wanda masanin fiziya Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005. Ga misali. A ce wata likita ta rubuta maƙala 30, amma 12 ne kawai daga ciki aka ambaci kowacce aƙalla sau 12. To ma'auninta 12 ne. Ta ƙara wasu goma waɗanda ba wanda ya waiwaya, lambar ba za ta motsa ba. Shi ya sa masu neman ƙarin girma a jami'a suke leƙa shafin nan kamar mai jiran albashi.

Yanzu mu shiga ɗakin gaggawa, don a nan ne lambar take nuna ƙarfinta da kuma rauninta.

A 2001, Dakta Emanuel Rivers na birnin Detroit a Amurka ya wallafa bincike kan marasa lafiyar da ƙwayoyin cuta suka bi jininsu har jiki ya fara gazawa. Mutum 263 ne, a asibiti ɗaya. Ya ce idan aka bi wani tsari cikin awa shida na farko, a ƙara ruwa da sauri, a riƙa auna jini ta wata babbar jijiya, mace-mace kan sauka daga kashi 46.5 zuwa kashi 30.5 cikin ɗari. Duniya ta ɗauka. An ambaci maƙalar dubban sau, ta shiga ƙa'idojin asibitoci. Sai a 2014 da 2015 aka sake gwada tsarin a manyan bincike uku, a Amurka da Ostireliya da Ingila, da mutane dubbai. Sakamako: bai fi kulawar da aka saba ba. Abin lura shi ne, su ma waɗannan ukun da suka saɓa masa dole suka ambace shi, lambarsa ta ƙara hawa. Na'urar ƙirge ba ta san wanda ya zo yabo da wanda ya zo musu ba, kai kawai take ƙirgawa.

Ga wanda ya fi shafar mu. Ku tuna yadda ɗakin gaggawa na yara yake a watan Satumba, lokacin da sauro ya yi ƙarfi: uwa ta shigo da gudu, yaro a kafaɗa, jiki rau da zazzaɓi, tafin ƙafa kuwa sanyi ƙalau. Shekara da shekaru koyarwar da ta zo daga ƙasashen Turawa ita ce a ɗura wa irin wannan yaro ruwa mai yawa ta jijiya cikin hanzari. Littafi ya faɗa, maƙala ta ambaci maƙala, kowa ya yarda. Sai Farfesa Kathryn Maitland da abokan aikinta suka gwada a Kenya da Yuganda da Tanzaniya, da yara 3,141, suka wallafa a 2011. Cikin kwana biyu, yaran da aka ɗura wa ruwan da sauri sun rasu kusan kashi 10.5 cikin ɗari, waɗanda ba a yi wa haka ba kashi 7.3. Dole aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa. Su kansu masu binciken ba haka suka zata ba.

A nan sai na ja hankali, kada wata uwa ta ji wannan ta hana a sa wa ɗanta ledar ƙarin ruwa. Binciken bai haɗa da yaran da gudawa ta ƙarar wa ruwan jiki ba, su ƙarin ruwa shi ne cetonsu. Ana magana ne kan ɗura ruwa mai yawa lokaci guda ga mai zazzaɓi mai tsanani, kuma likita ne ke bambancewa.

Akwai kuma ha'inci. Wani likita Bajamushe, Joachim Boldt, ya yi suna da rubuce-rubuce kan wani ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya, an yi ta kafa hujja da shi. Daga baya asiri ya tonu, mujallu suka janye maƙalolinsa sama da ɗari. Wasu kuma ba ƙarya suke yi ba, sai dai su yi ta ambaton kansu, ko su haɗa baki da abokai, ba ni gishiri in ba ka manda.

To a watsar da lambar ke nan? A'a. Ni a ganina tana da amfani a matsayin alamar cewa an karanta aiki, an tattauna a kansa. Amma idan ka buɗe shafin likita, kada ka tsaya a jimilla. Danna maƙalarsa ta sama. Mutum nawa aka gwada? A ina, a asibiti mai na'urar taimaka wa numfashi ko a irin namu? An sake gwadawa an samu daidai? Kuma ta canza abin da ake yi a gefen gado?

Ga ɗaya da ta canza. A 2010 aka wallafa gwajin da ya haɗa yara 5,425 masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya, inda aka yi shi a Ilori. An gwama allurar atesunet da kwinin da aka daɗe ana amfani da shi. Masu kwinin sun rasu kashi 10.9 cikin ɗari, masu atesunet kashi 8.5. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta, ta sa atesunet a gaba.

Shi ya sa yau idan aka kawo yaro yana jijjiga da tsakar dare a asibiti a Katsina ko Daura, za ka ga malamar asibiti ta ɗauko 'yar kwalba mai farin garin atesunet, ta zuba ruwan haɗi, ta girgiza har ya narke tas, sannan ta tambayi nauyin yaron kafin ta ja allura. Za a sake bayan awa 12, a sake a awa 24.