Wanda ya sayi fili, fili ya kamata ya karɓa

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayenmu, malamai, da 'yan uwa da muka baro Kano, Katsina da Sakkwato muka zo neman abinci a nan Yamai, sannunku da zuwa.

Abin da ya sami wani ɗan uwanmu mai shago a kasuwar Katako shi ya sa na nemi izinin magana. Ya yi cinikin fili a Banifandu, ya biya rabin kuɗi, aka rubuta takarda, shaidu suka sa hannu. Da unguwar ta fara cika, fili ya yi daraja, sai mai filin ya aiko masa: na fasa, zo ka karɓi kuɗinka. Ya je ya karɓa, don a ganinsa baƙo ba ya ja da ɗan gari. Yau kuɗin nan ba za su saya masa ko kusurwar filin ba, kuma wallahi abin na ci mini rai, domin doka tana bayansa bai sani ba.

Dokar cinikayya a Nijar ta samo asali daga kundin dokokin Faransa na 1804. Sashe na 1583 ya ce da zarar an amince a kan kaya da farashi, ciniki ya faɗa, ko da ba a gama biya ba. Sashe na 1184 kuma ya ba wanda aka saɓa wa zaɓi biyu: ko a warware ciniki a biya shi diyya, ko kotu ta tilasta wa mai sayarwa ya cika alkawari. Zaɓin nan na wanda aka cuta ne.

Amma alƙali takarda yake dubawa. Ku ƙulla ciniki a gaban notar, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardun ciniki, ku ga takardar filin da idonku. In aka ce an fasa, kada ku taɓa ko dala, don karɓa kamar amincewa ce. Ku sa wisiye, wato jami'in da ke isar da takardun shari'a, ya kai wa mai filin takardar gargaɗi, ku tanadi cikon kuɗinku, sannan ku nufi Babbar Kotun Yamai da lauya. Kuma a gaggauta: in ya sayar wa wani, wancan ya riga ku yin rajista, shari'a ta yi nauyi.

Duk mai irin wannan matsala ya kawo takardunsa wurin sakatare bayan addu'a, mu duba su tare. Na gode.