Da wane harshe yaro zai fara karatu?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya gifta ta bayan tagar aji ɗaya a wata firamare a Daura da hantsi ya san amon: malam na faɗa da Turanci, yara na maimaitawa kamar kwanon rufi zai tashi. Amma shiga ka ɗora yatsa kan kalma guda, ka ce yarinya ta karanta. Sai ido. Hadda ta yi, harafin bai zauna ba.

Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa. A 2022 aka tsawaita abin zuwa shekara 6. A Nuwamba 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya ce an soke, a koma Turanci. Ni dai wannan mataki bai kwanta mini ba. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya fara a Ife a 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon firamare, ya nuna Turancinsu ma bai raunana ba.

Mu kuwa ai muna da shaida a zauren gida. Malamin allo ba ya jefa almajiri cikin karanta rubutun sura kai tsaye. Babbaƙu tukuna, sannan farfaru, kuma haruffan Larabcin nan sunayen Hausa ya ba su, irin su ba guje da lam jaye, don yaro ya riƙe baƙon abu da abin da ya sani. Ga shi rubutun boko na Hausa mai sauƙi ne: yadda aka rubuta haka ake faɗa. Yaron da ya haɗa ba da ba ya ga "baba" ya fito, ya gano sirrin karatu, kuma da shi zai shiga Turanci. Shirin RANA na koyar da karatu da lissafi ya bi wannan hanya a wasu makarantun jihar nan ta Katsina da littattafan Hausa.

Sai dai kada mu ɗauka kowa a ajin Bahaushe ne. Akwai ɗan ruga da ya taso da Fulatanci, ya rakuɓe a bencin baya, malam na zaton ba shi da kai. Shi Hausar ma harshe na biyu ce, Turanci na uku. Roƙona ga hukumar SUBEB mai kula da ilimin firamare a jiha da kwalejojin horar da malamai na Katsina da Dutsin-Ma: a koya wa sabon malami ya fara tambayar wane harshe ake yi a gidan kowane yaro tun ranar da aka rubuta sunansa, a kuma tura masu jin Fulatanci inda rugage suke.