Sharhi: Wa Ya Yi Gumin, Wa Ya Kwashe Ribar?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

A makon jiya wani ɗalibi ya tare ni a Gusau, riƙe da wani tsohon littafi mai yagaggen bango da ya tsinta a akwatin mahaifinsa. Littafin a kan gurguzu yake magana. Ya ce, "Malam, idan na karanta wannan ba zai taɓa mini imani ba?" Na ce masa ya je ya karanta, sannan ya dawo mu yi gardama. Dalilina shi ne sharhinmu na yau.

Galibin littattafan da masana suka rubuta a kan gurguzu da siyasar tattalin arziki, idan ka sheƙe su ka zubar da ƙaiƙayin, tambaya ɗaya ce ke rage a faifai: wa ke da ƙasar, wa ya yi gumin, wa ya kwashe ribar? Karl Marx, uban aƙidar gurguzu, ya fitar da juzu'in farko na littafinsa Das Kapital a 1867, inda ya ce ma'aikaci yana samar da abin da ya fi ladarsa, rarar kuma mai jari ke tafiya da ita. To amma tambayar ta girme shi. Tun a 1377 Ibn Khaldun ya rubuta a Muƙaddima cewa asalin riba aikin ɗan Adam ne, kuma daular da ta tsufa takan yawaita haraji har mutane su daina nema, baitulmali ya bushe. Mu dawo gida. A Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya jera zaluncin sarakunan zamaninsa, ya ambaci jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake tatsa daga talaka. Shehu ya rasu a 1817, shekara guda kafin a haifi Marx. Saboda haka duk wanda ya ce maka binciken cin gumin talaka baƙon abu ne daga Turai, ka tambaye shi ko ya taɓa buɗe littattafan masu jihadi.

Ba na ɓoye matsayina. Abin da Marx ya faɗa game da addini ba mu yarda da shi ba, kuma gwamnatocin da suka yi mulki da sunansa sun tafka ta'asa. Lokacin da Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, ya tilasta haɗe gonaki a farkon shekarun 1930, yunwa ta kashe miliyoyin mutane. Tarayyar Sobiyet ɗin kanta ta wargaje a 1991. Sai dai mutuwar boka ba ta nufin cutar ta warke.

Ku duba Bakolori. An kammala madatsar ruwan nan ta kusa da Talatar Mafara a 1978, da alƙawarin noman rani da wadata. Manoma suka wayi gari gonakinsu na gado sun nutse ko an yanka su, diyya kuma ta zama abin jeka-ka-dawo. Da suka tare hanyoyi, a watan Afrilun 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta. Har yau ana taƙaddama a kan yawan waɗanda suka mutu. Wanda bai san siyasar tattalin arziki ba zai ce rikici ne kawai ya ɓarke. Wanda ya karanta kuwa zai tambayi wa aka ba kwangila, wa ya sami filin bayan an gyara, wa kuma ya koma ɗan ƙwadago a gonar ubansa.

Haka zancen zinariya. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Bagega da 'Yargalma, saboda a tsakar gida ake dakan duwatsun, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Zinariyar ta fita ta yi kuɗi a wani wuri, mu aka bar wa kaburbura. Walter Rodney, masanin tarihin nan ɗan ƙasar Guyana, ya nuna a littafinsa na 1972 cewa layukan dogon da Turawa suka shimfiɗa daga inda albarkatu suke zuwa bakin teku suka nufa. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, kuma dattawanmu sun san gyaɗa da auduga ya zo ɗauka.

Tsohon tarihi ma ba tatsuniya ba ce. A Rum, shekara 133 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani ɗan siyasa mai suna Tiberiyus Girakus ya kawo dokar ƙayyade filin gwamnati da attajiri zai riƙe, a raba sauran ga marasa gona. A shekarar nan aka kashe shi, aka jefa gawarsa a kogi. Wanda ya ga yadda aka cinye burtali da makiyaya a dazuzzukanmu, ba sai an yi masa tafinta ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mu ma muna da namu marubutan, amma mun bar su ga gara. Marigayi Dakta Garba Nadama, wanda daga baya ya zama gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato, a kan tasowar daular Zamfara da rushewarta ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski ta Kebbi, ya bi sawun fataken Hausa a Afirka ta Yamma a littafinsa na 1978. Dakta Yusufu Bala Usman ya fallasa yadda ake wasa da addini don kare dukiya. Dukkan rubuce-rubucen nan da Turanci suke, manomin Bakura kuwa da Hausa yake lissafin bashin takinsa.

Yanzu muna da jami'ar tarayya a Gusau, akwai wata a Birnin Kebbi. Ina roƙon malaman tarihi da na Hausa a cikinsu su haɗa kai su fassara mana ko da kundin Nadama ne, babi-babi. Idan sun yi, wannan fili a buɗe yake, mu karanta wa jama'a shi duk mako bayan labaran dare.

Sai Allah Ya kai mu mako na gaba.