Igiyar Ceto a Tsakiyar Teku

Hadiza: Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau hira ta kai mu teku, ni da Malam Bashir, kan jirage masu saukar ungulu da ke aikin ceto. Malam, ka tuna jirgin ruwan nan Viking Sky?

Bashir: Ƙwarai kuwa. A watan Maris na 2019 injinansa suka mutu a gaɓar Norwe, guguwa tana tura shi wajen duwatsu. Jirage masu saukar ungulu suka kwana suna jigila, har suka kwashe mutum 479, duk da igiya aka jawo su sama.

Hadiza: Ikon Allah! Jirgin ruwa na tangal-tangal, kai kuma kana reto a iska.

Bashir: Wurin nan ne sabbin jiragen suka ciri tuta. Da, matuƙi ne ke fama da hannunsa don ya tsayar da jirgi cak a sama. Yanzu kwamfuta ke riƙe masa shi a wuri guda, ko da dare ne. Ga kyamarar da ke ganin ɗumin jiki, wadda za ta nuna maka kan mutum kamar ɗigon haske a baƙin ruwa.

Hadiza: Shi ya sa ake ta ajiye tsofaffin?

Bashir: Yana daga cikin dalilan. Birtaniya ta ajiye tsofaffin jiragenta samfurin Sea King daga aikin ceto, ta miƙa aikin ga kamfanin Bristow a 2015, mai amfani da samfurin S-92 da AW189. Norwe ta koma samfurin AW101. Amurka kuwa ta sabunta na'urorin ɗakin matuƙi na jiragenta samfurin Dolphin.

Hadiza: Amma Malam, akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Jirgin ceto Rescue 116 na ƙasar Ailan ai S-92 ne, ba tsohon yayi ba, ya kuma daki tsibirin Blackrock a 2017.

Bashir: Mutum huɗu suka rasu, dukkansu masu ceto. Bincike ya gano tsibirin ba ya cikin bayanan na'urar da ke gargaɗin matuƙi idan ya doshi tudu.

Hadiza: Subhanallahi. Wato na'urar lafiyarta lau, ba a dai sanar da ita dutsen ba.

Bashir: Haka ne. Ma'aikacin da ke kallon kyamara a ɓangaren baya na jirgin shi ya hango shi, ya ce a karkata dama, amma lokaci ya riga ya ƙure.